Daren Ɗaure Kaya

Jibi zan shiga dajin Baban Rafi,
kwana tara, ni da littafin ƙirga itatuwa.
Na shimfiɗa tabarma a zaurenmu na Mokoyo,
na zazzage abin da na kwaso a babbar kasuwa:
tocila mai ido uku, gwangwanin kifi shida,
tanti mai launin ganye, waya cike da caji,
har da turare, don kada daji ya ji warina.

Baba Nomau ya shigo da sandarsa, ya tsuguna.
Bai yi dariya ba. Da ya yi, da abin ya zo da sauƙi.
Ya ɗaga jakar, ya auna ta a hannu, ya dire:
"Jaki zai ɗauka, ko kai?"

Ya cire turaren: "Ƙudan zuma zai ɗauke ka fure."
Ya cire kifi huɗu: "Gishiri ne, ƙishirwa yake haifa."
Wayar kuwa ya juya ta kamar mai duba ƙwai a rana:
"Wannan bakinta na buɗewa inda akwai dogon ƙarfe.
Can kuka ce doguwa, kuma ba ta kai saƙo."

Sai ya kwance bakin tsohuwar burgamarsa:
ƙyastu da ƙanƙara, auduga cikin ƙahon rago,
allura da zare, ɗan dunƙulen kanwa,
igiyar rama gaba bakwai,
gumba a tsumma, ƙuliƙuli mai karya haƙori.
"Ashana na tsoron raɓa.
Ƙyastu ba ya tsoron kowa."

"Ruwa, yaro. Sauran duk hira ce.
Da la'asar sakaliya ka dubi kurciya.
In ta miƙe ƙasa-ƙasa ba ta waiwaye, bi ta.
In tana dawowa reshe-reshe, ciki ya yi nauyi,
ka nemi inda ta fito.
A gwiwar rafi, inda yashi ya yi sanyi, tona,
ka ba shi lokaci.
Tace da rawani, ka tafasa ko maƙoshi na kuka.

"Kada laushin gulbi ya rarrashe ka ka kwana ciki.
Sama na iya zama fes a kanka,
ruwan da aka yi can wajen Jibiya
ya iso tsakar dare ba sallama.
Kakkaɓe takalmi da safe, kunama ma tana son ɗaki.
Gungumen da ya faɗi, sanda ke gaishe shi, ba hannu ba.
In ka ɓata, zauna.
Ƙafa ce ke mai da ƙaramin ɓata babba."

Ya yi shiru.
A titi wani ɗan kabu-kabu ya wuce da kiɗa,
ƙamshin tuwon maƙwabta ya leƙo ya koma.

"Barmo, ƙanena, ya fi ni sanin duk wannan.
Yana jin ƙamshin ruwa kamar saniya.
Wata asuba ya fita da gora biyu da baka,
bai ce wa kowa gabas ko kudu ba.
Kwana goma sha ɗaya muna kiran sunansa
a gefen dajin da bai taɓa takawa ba."

Ya miƙo mini gawayi daga kaskon shayi.
"Kayan da ya fi duka nauyi ba a jaka yake tafiya ba,
a gida ake barin sa.
Tashi ka rubuta."

Na rubuta a bangon zaure, daidai tsayin idonsa:
ta Madarumfa, ta Gabi, yamma da tsohuwar rijiya,
dawowa Talata kafin magariba.

Ya shafa haruffan da yatsa, shi da bai iya karatu ba,
ya sa na maimaita sau uku.
"Laraba da asuba," ya ce, "ni da sandata muna hanya."

Na sake ɗaga jakar.
Ta yi sauƙi har ta ba ni tsoro.